Hattara da mai tallan fankar murhu a Maradi

Salamu alaikum jama'a. Don Allah ƴan uwa na Maradi da kewaye, musamman mata masu tuwon sayarwa da masu ƙuli-ƙuli da masu kiwon kaji, ku yi hattara da wani bawan Allah da ke yawo da fankokin murhu ɗaure a bayan moto, yana kuma watsa bidiyo a gurup-gurup na WhatsApp. Ba zan kama suna ba don shi ma sunan kullum canzawa yake, a unguwar Zariya wani suna, a Ali Ɗan Sofo wani, har Tibiri ya kai tallansa. Abin da yake faɗi wai kayan Turai ne na hannu, ka jingina ta jikin murhunka wuta ta riƙa ci kamar ta gas, itacen kwana ɗaya ya yi maka kwana uku. To kowa ya san yadda itace da gawayi suka yi tsada, ga hunturu ya kama, shi ya sa mutane ke rububi.

Fankar dai ta gaske ce, amma daga jikin tsofaffin murhunan ɗumama ɗaki na ƙasashen sanyi aka kwanto ta. Su can murhunsu akwatin ƙarfe ne rufaffe mai bututun hayaƙi da ke fita waje, fankar tana maƙale a bayansa ko ƙasansa, aikinta kawai ta jawo iskar ɗaki ta bi da ita jikin ƙarfen da ya yi zafi ta fito da ɗumi. Iskarta ba ta shiga inda wuta take sam. Ba zuga-zugin maƙera ba ce. Eh maƙeri mai basira zai iya yi mata bututu ta hura wuta, amma shi wannan mutumin ba ya ba ka bututu, kuma motar fankar, wato injin da ke juya ta, in aka ajiye ta cikin toka da turiri ba ta daɗewa.

Inda yake cin mutane shi ne wajen maɓallai, don haka ku tsaya ku fahimce su. Yawancin irin wannan fanka abu uku ne ke sarrafa ta. Akwai maɓalli da aka rubuta AUTO da OFF da kuma MAN ko ON, shi MAN ɗin in an sa nan take fankar ke tashi. Akwai na murɗawa mai ƙara gudu da ragewa, da yawansu in ka murɗa ya yi ƙat da gudu mai ƙarfi yake farawa, sai ka ci gaba da murɗawa yana raguwa, kuma in ka rage da yawa motar sai ta tsaya tana gurnani tana ɗaukar zafi. Sannan akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai wayoyi biyu, shi ne mai jin zafi. In an sa AUTO fankar ba za ta motsa ba sai wannan faifan ya ɗumama ya kai wajen digiri 45 zuwa 50, in ya huce ya dawo wajen 30 da ɗoriya ya kashe ta da kansa. A murhun da aka yi ta dominsa ma sai an jira ƙarfe ya ɗauki zafi kafin ta tashi.

Wannan jiran shi ne jarinsa. Zai jona miki ita a gabanki Hajiya, ya sa AUTO, ba ta juya ba, ya ce ai otomatik ce sai murhu ya yi zafi, ya karɓi kuɗinsa ya hau moto. Ke kuma ki hura wuta ki zauna kina jira har tuwo ya nuna. Matacciya ce tun asali. Ko da mai rai ce ma, faifan nan sai ya manne da shafaffen ƙarfe yake jin zafi, to a murhun duwatsu uku ko na laka ina za ki manna shi?

Wata maƙwabciyarmu mai suyar ƙosai ita mai rai ya ba ta, jika 20. Ɗanta ya sa MAN, ta ɗauka da wani irin ƙugi kamar za ta tashi sama, can sai wari, hayaƙi ya fito ta bayan motar. Da aka kai wa mai gyara ya ɓamɓare wata takarda da aka liƙa a jikinta sai ga rubutun asali a ƙasa, 115V 60Hz. Wato ta Amurka ce ko Kanada. Mu wutarmu a Nijar 220 ce, 50Hz. In babu taransifoma mai rage wuta ƙonewa za ta yi, kuma Allah ne ya tsare da rumfar zana ce ta kama. Ta buga lambarsa ya ce ita ta murɗa maɓalli ba daidai ba, daga baya lambar ta daina shiga gaba ɗaya.

Yana da wata kuma ƙarama baƙa da ake ɗorawa kan murhu tana juyawa ba wuta ba batir, ita ce ma ke cikin bidiyon nasa. Ita ma akwai ta da gaske, bambancin zafi tsakanin gindinta da samanta ne ke ba ta ɗan lantarkin da take juyawa da shi, amma ɗan kaɗan ne, iya nata. Maganar wai za ta yi maka cajin salula ƙarya ce. In zafi ya wuce wajen digiri 340 ma lalacewa take, kuma harshen wutar itace ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda yake gaya wa masu kiwon ƴan tsaki wai su kunna gawayi su rufe ɗaki ruf, fankar za ta cinye hayaƙin. Wallahi ba ta cinye komai. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ciwon kai zai fara ji da jiri da kasala daga nan sai barcin da ba a tashi. Fanka sai dai ma ta zagaya da ita ko'ina. Kada wanda ya kuskura, ko don kaji ko don yara.

In har kana son fankar hura wuta, akwai ƙanana na 12V da ke aiki da batir ko sola, har da na 5V masu igiyar caja, su aka yi don murhun gawayi. In kuma dole sai tasa, kada ka biya sai ka karanta rubutun da ke jikin motar kanta ka ga 220 ko 230, a sa MAN ta juya a gabanka, a murɗa gudun sama da ƙasa. Faifan kuma a zare waya daga wuta tukuna, a ɗora masa gindin butar shayi mai zafi, lafiyayye za ka ji ya yi ƙat. Kada a tura masa kafin alƙalami ta waya wai kaya na hanya daga Kwatano.

Waɗanda ya riga ya cuta ku adana fankar da hoton hirarku da rasit ɗin tura kuɗi, a haɗu a kai kwamisariya tare, ƙarar mutum ɗaya ba ta cika tafiya ba. A tura wa iyayenmu mata na ƙauye, waɗanda ba su karatu a karanta masu.