Hayar keke a Krems da zagayen kwarin Wachau: abin da na gani

Idan maki zan bayar to huɗu cikin biyar ne, kuma ɗayan da na cire ba laifin hanyar bane, laifin tsarin shagon hayar keken ne. Wanda ke zaune a Viyana ko ya shigo Ostiriya karatu ko aiki yana neman inda zai sha iska da keke, ya je Wachau kawai, ko da kuwa kamar ni ne baya shan barasa. Na faɗi haka ne saboda duk tallan wurin akan giyar inabi ake yi, har mutum ya ɗauka in baya sha babu abin da zai kai shi, alhali ba haka bane sam.

Wachau wani kwari ne a bakin kogin Danube tsakanin garin Melk da garin Krems, tsawonsa wajen kilomita 36, UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 2000. Daga Viyana jirgin ƙasa ake hawa a tashar Franz-Josefs-Bahnhof, kamar awa ɗaya ka sauka Krems. In da kekenka ka zo sai ka yanka masa nasa tikitin daban, ni dai haya na ɗauka a wani shago da bai da nisa da tasha.

Dattijon da ke shagon ya san aikinsa, wannan kam ba zan ɓoye ba. Bai miƙo min keke haka kawai ba, sai da ya sa na hau, ya duba yadda ƙafata ke miƙewa akan feda, ya ɗaga sirdi kaɗan, ya sake cewa in hau, sannan ya matsa birki gaba da baya a gabana ya juya taya don in ga bata karkace ba. Keken tsere ne mai siririyar taya, mara nauyi, sarƙa ta sha mai, har na dawo bai yi min ƙara ko ɗaya ba. Hular kwano da kwaɗo duk suna cikin kuɗin. Inda suka ɓata min rai shine kayan faci, wai sai ka tambaya kafin a baka famfo da tif na canji, kuma ba wanda zai gaya maka, a bakin wani bature da ya zo bayana na ji yana tambaya sannan nima na ce a bani. Mutum zai yi tafiyar sama da kilomita 70 da siririyar taya ka barshi ya fita hannu rabbana? Sai kuma lokacin rufewa, da yamma likis suke kulle shago ko da rani ne da rana ke kaiwa wajen tara na dare bata faɗi ba, to duk daɗin da kake ji a hanya rabin hankalinka na kan agogo. Taswirar da suka bani ma da Jamusanci take, kuma kusan duk alamomin da ke ciki na wuraren shan barasa ne, ba inda aka nuna famfon ruwa ko banɗaki.

Kogin yana da hanyar keke ta ɓangare biyu, arewa da kudu, duk cikin babbar hanyar keken Danube ne da ake kira Donauradweg wadda mutane ke bi tun daga Passau a Jamus har Viyana. Kowa arewa yake bi saboda can garuruwan da ake ɗauka a hoto suke. Daga Krems ka ratsa Stein sai Dürnstein, garin da ke da hasumiyar cocin nan shuɗiya, a saman dutse kuma ga kangon fadar da aka tsare sarkin Ingila Richard a ƙarshen 1192 lokacin da yake dawowa daga yaƙin 'yan Salibiyya, wanda ya gwabza da Salahuddin ɗin nan, Leopold na biyar mai mulkin Ostiriya ne ya kama shi. Garin yana da kyau ba ƙarya, amma ga mai keken tsere azaba ne, lungu ne matsattse an shimfiɗe shi da duwatsu, ga 'yan yawon buɗe ido da manyan jiragen ruwa ke saukewa rukuni rukuni kowa da waya a sama, dole ka sauka ka tura. Kar wanda ya zo nan da niyyar gudu.

Bayan Dürnstein ne abin ya fara min daɗi, Weißenkirchen, Joching, Wösendorf har Spitz, hanyar ta bar bakin titin mota ta kutsa cikin gonakin inabi, wani wurin in ka miƙa hannu zaka taɓa ganye. Abin da ya fi tsaya min a rai ginin dutsen da suka yi a jikin tsaunuka ne. Gangaren yayi tsaye da yawa, shine suka yanka shi hawa hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera ba siminti, ɗaya kan ɗaya, ƙananan tsakuwa a cusa a tsakanin manya. Na tsaya na dafa ɗaya da hantsi na ji dutsen yayi ɗumi, kuma amfaninsa kenan, yana riƙe ƙasa kar ruwa ya wanke ta, yana shan zafin rana ya sakar wa inabin da dare. Tarakta bata iya hawa yawancinsu, da hannu ake aikin komai, in katanga ta zube da hannu ake sake jerawa. Ko baka damu da abin da ake yi da inabin ba, in ka taɓa riƙe fartanya zaka girmama mutanen nan. Irin inabin da suka fi nomawa biyu ne, Grüner Veltliner da Riesling.

Daga Spitz zuwa Emmersdorf babu wani abin a zo a gani sosai, sai Willendorf inda aka tono ɗan gunkin macen nan na dutse a 1908, ainihin sa ma yana gidan tarihi a Viyana. Nan na taka feda da ƙarfi na haye gada zuwa Melk, inda katafaren gidan ibadar 'yan Benedict, wata ɗariƙar Kiristoci masu zuhudu, mai ruwan ɗorawa ke zaune akan dutse, tun 1089 suke wurin. Wanda ke son hawan tsauni na gaske ya karkata a Spitz ya nufi Jauerling, mita 960 ne tsayinsa, ƙafa zata gaya maka.

Ɓangaren kudu shine na masu keke na gaskiya a ganina, kuma shi dattijon ya kamata ya riƙa turawa mutane. Da ka bar Melk akwai ɗan hawa wajen Schönbühel da zai sa ka haki, daga nan sai kwalta lafiyayya, mutane kaɗan, kangon fadar Aggstein na leƙo ka daga sama. Wasu wuraren hanyar na manne da titin mota, ba daɗi amma ba tsoro. Daga Arnsdorf zuwa Rossatz lambunan Marille ne, wani ɗan itace mai launin ruwan lemo kamar ƙaramin mangwaro mai ɗan gashi gashi a jiki, a watan Yuli yake nuna, furensa kuma wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Zaka ga teburi a ƙofar gida an jera kwalaben ruwansa da jam da ɗan akwatin saka kuɗi, ba kowa a wurin, ka ɗauka ka saka ka wuce. Kuma abin dariyar shine daga Rossatz ne ake ganin Dürnstein da kyau, hasumiya da kango da kogi duk a ido ɗaya, ba turereniya.

Tsakanin Melk da Mautern, garin da ke tsallaken kogi daura da Krems, babu gada ko ɗaya, da jirgin fito ake hayewa. Na Spitz da na Weißenkirchen sun burge ni wlh, ba inji ke tura su ba, an ɗaure jirgin da igiyar ƙarfe da aka ja daga wannan gaɓa zuwa waccan, matuƙin sai ya karkata shi kaɗan, ƙarfin ruwan da kansa ya tura shi ya haye, mota da keke da mutane duk a kai, ba hayaƙi ba ƙara. A Rossatz kuma ƙaramin jirgi ne na masu ƙafa da keke da ke kaika Dürnstein. Ku riƙe tsabar kuɗi a aljihu, ku kuma duba lokacin tashinsu na ƙarshe tun da safe, don basa kai dare, in kogi ya cika ma tsayawa suke.

Maganar ciki, a nan sai an yi hattara. Wuraren cin abincin manoma da suke kira Heuriger, waɗanda ake rataya ganye a ƙofa alamar an buɗe, farantin da suka fi kawowa yankakken nama ne mai sanyi kuma yawanci alade. Ni burodin garin da ake kira Wachauer Laberl na ci da cuku, sai Marillenknödel, wato curin ƙullu da aka dafa da Marille guda a ciki aka barbaɗa garin burodi soyayye da sukari, yana da daɗi ƙwarai kuma yana riƙe ciki. Abin sha ku ce Traubensaft, ruwan inabi ne zalla. In kaka ce kuka zo zaku ga wani abu gauraye gauraye a kofi ana kiransa Sturm, kamanninsa na jus ne amma ya fara tsami, barasa ce, haka kwalaben Marille ma ku karanta jiki don akwai na barasa a jere da na jus. Sallah kuwa ba matsala, bakin kogi akwai ciyawa da inuwa ko ina musamman ta kudu, ka jingine keke ka yi abinka, ba wanda ya kalle ni sau biyu.

Zan sake hayar keke a shagon nan, saboda keken lafiyayye ne kuma dattijon baya wasa da saitin sirdi, amma zan karɓa tun da yamma in kwana da shi don in fita da asuba kafin jiragen 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane a Dürnstein. Ku guji Asabar da Lahadi in da hali, musamman lokacin furen Marille da lokacin girbin inabi, kuma ranar Lahadi yawancin kantuna a kulle suke, ku cika gorar ruwanku tun daga Krems.