Mai gyaran da bai ce mini "sai an goge" ba

Ran Talata da dare na yi wa kaina aika-aika. Kwamfutata tsohuwar HP ce ta hannu, ƙanena ya raba mata faifai gida biyu tun yana karatu a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram: Windows 10 a gefe guda, Ubuntu, wani nau'in Linux, a ɗayan. In na kunna, wani ɗan jeri yakan fito in zaɓi wanda zan shiga. Wuri ya ƙure mini, na buɗe inda Windows ke nuna rabe-raben faifai, na tarar da wani yanki mai giga 4, ba suna, ba harafi, kuma wai babu kome cikinsa. Na ce wannan ai asara ce, na share shi. Da safe na kunna, sai baƙin allo da layi biyu: "error: no such partition", ƙarƙashinsa "grub rescue". Makin ajujuwa huɗu da tambayoyin jarrabawar gwaji ta BEPC duk suna ciki.

Shaguna biyu na fara zuwa a wajen kasuwar Dole. Duka biyun ko maɓalli ba su taɓa ba suka yanke hukunci: sai an goge, a zuba sabon Windows, jaka biyar. Na ce takarduna fa? Ɗayan ya ɗaga kafaɗa.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini na uku, cikin wani lungu a Zango. Shago ne ɗan ƙarami, ba allo a ƙofa, benci guda, kan tebur kuwa gawarwakin kwamfutoci sun yi tsibi. Mai wurin saurayi ne, ba zai haura talatin ba. Tambayarsa ta farko ita ta kwantar mini da hankali: "Mushe, mene ne abu na ƙarshe da ka yi kafin ta ƙi tashi? Ka faɗa mini gaskiya, ba dukanka zan yi ba." Na faɗa masa. Ya yi dariya har da buga tebur.

Ga yadda ya warware mini. Tsofaffin kwamfutoci irin tawa, in an kunna su, wani ɗan mitsitsin wuri suke fara karantawa a bakin faifai, bayit 512 kacal. GRUB, wato mai tsaron ƙofar da ke tambayarka Windows ko Ubuntu, bai shiga wannan wuri gaba ɗaya, don haka kansa ne kawai a gaba, riƙe da lambar ɗakin da sauran jikinsa yake. Nawa yana riƙe da lamba 6. Da na rushe ɗaki na 5, wato yankin nan da na share, sai na 6 ya koma na 5, shi kuwa yana ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu ita. "Kayanka na nan, Mushe, lambar gida ce ta canza." Kuma Windows bai iya karanta yankunan Linux ba, shi ya sa yake nuna su kamar kango.

Sai ya rubuta umarnin ls a baƙin allon nan, sunayen yankunan suka jeru. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya ga boot, inda sauran jikin GRUB yake, a cikin hd0,msdos5, wato ɗaki na 5. Ya nuna wa GRUB wurin da set prefix da set root, ya bi da insmod normal, sannan normal. Jerin nan nawa ya bayyana kamar bai taɓa ɓata ba. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Bai yi gaggawa ba, ya ce wannan tashi ɗaya ne, in aka kashe za ta koma gidan jiya. Ya shiga Ubuntu, ya sa na fiddo kile ɗina na USB, muka kwashe makin yara tukuna, sannan ya yi grub-install a kan faifan, ya bi da update-grub. Ya kashe, ya kunna, ya shiga Windows a gabana, ya fito. Duka aikin bai kai minti ashirin ba.

To, ga inda na ga gazawarsa. Bai sake shiga Ubuntu ba bayan gyaran, kuma tashin farko muna can muna hira, ba wanda ya kula da daɗewarsa. Da na koma gida na ga sai ta tsaya tana ƙirge, minti ɗaya da rabi cur, kafin ta buɗe. Ashe yankin da na share shi ne swap, inda Linux ke jibge kaya in ƙwaƙwalwa ta cika, kuma sunansa na nan a rubuce cikin fstab, fayil ɗin da ke lissafa yankunan da Ubuntu za ta nema in za ta tashi, tana ta jiran wanda ya riga ya mutu. Ya kamata ya tuna da wannan, tunda ni da bakina na ce masa giga 4 ne. Na sake biyan kabu-kabu zuwa da dawowa. Ya ce zai buɗe ƙarfe tara, bai iso ba sai goma ta gota, ni kuwa ina tsaye a rana tare da wata akuya. Da ya zo bai yi musu ba, ya ce laifinsa ne, ya cire layin, ya yi mini swap na fayil a madadinsa, bai karɓi ko dala ba.

A wannan zuwan ne ma ya raba ni da wata tsohuwar cuta. Shekara biyu ke nan duk na fito daga Ubuntu na shiga Windows sai in ga agogo ya koma baya da awa ɗaya, har na taɓa makara zuwa aji saboda shi. Dalili: Linux na ajiye agogon na'ura a kan lokacin GMT, Windows kuma yana ɗauka lokacin gida ne, Nijar kuwa tana gaban GMT da awa ɗaya. Layi guda ya rubuta da umarnin timedatectl, magana ta ƙare.

Kuɗi: jaka uku ya ce, kuma sai bayan ya gama ya faɗa, abin da ban so ba, don da ya ce goma ba ni da bakin ja. Na biya ba ciniki. Wanda zai je ya tafi da cajarsa da kile mai wuri, ya tambayi farashi tun a ƙofa, kuma kada ya je ran Juma'a, ba ya buɗewa sai bayan la'asar.