Bes mai tsirkiya biyar: abin da na gani a jikin Yamaha TRBX305

Yaran da ke koyon jitar bes a Samaru da Sabon Gari sun dame ni da tambaya ɗaya: yaya, mai huɗu za mu saya ko mai biyar? Tawa mai biyar ce, Yamaha TRBX305, ta hannu, wani ɗan'uwa ya taho min da ita daga kasuwar Alaba a Legas. Da ita nake bin ƙungiyarmu wuraren dina da kamu.

Mai huɗu, irin wadda kamfanin Fender ya fito da ita a 1951, tsirkiyoyinta E, A, D da G ne, kuma kaurin muryarta a kan E yake tsayawa, wajen hertz 41 (ma'aunin sauti ne, in lambar ta yi ƙasa muryar ta fi kauri). Ta biyar ɗin B ce, tana sauka har kusan 31. Sauti biyar kacal ta ƙara maka daga ƙasa. Wani zai ce a kan ɗan wannan ake ta surutu? To ya zo ya tsaya bayan mai fiyano a wurin biki. Zabiya ta ce muryarta ta dushe, a sauke mata, gogan naka ya danna maɓalli ɗaya ya koma D, ko waiwayarka ba zai yi ba. Mai riƙe da huɗu sai dai ya haura sama kiɗan ya yi sakayau, ko ya tsaya murɗa kunnen jita alhali amarya na tsakiyar fili ana mata liƙi. Ni kuwa yatsana kawai nake ɗorawa a gaɓa ta uku ta B a wuyan jitar, D mai kauri ta fito, har ka ji ta a ƙirji. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Ita kanta jitar ba ni da ta cewa. Jikinta katakon mahogani ne, gaɓoɓi 24, kuma wuyan bai cika hannu ba duk da faɗinsa. Tana da makunni mai matsayi biyar na sauya murya, nawa kullum yana kan matsayin kaɗawa da yatsa. Da batir mai bolt 9 take aiki, saboda haka in ka tashi daga kiɗa ka zare wayar don kada batirin ya ƙare, ka kuma ajiye wani batirin a jaka.

Sai dai ta biyar ɗin nan akwai rigima, ko wane kamfani ya ƙera. In kana kaɗa D ko G, B na can sama tana gurnani ita kaɗai, dole babban yatsa ya kwanta a kanta kamar mai lallashin jariri. Tsirkiyoyin sun fi matsuwa, mai son mari da babban yatsa zai sha tuntuɓe kafin ya saba. Ga kafaɗa, ana ƙarfe sha biyu na dare za ta fara yi maka magana. Saitin tsirkiya biyar ma ni ban cika samunsa a gari ba, sai na yi sautu daga Kaduna. Da hunturu ya shigo kuma katako ya bushe, wuyan kan motsa, sai an ɗan juya ƙarfen da ke cikinsa.

Babbar maganar ita ce lasifika. Ƙaramar amfilifaya mai lasifika inci 8 ba ta iya ɗaukar B, fur-fur kawai za ka ji. Sai ka haɗa da mai inci 15 za ka san abin da ka saya. Mai koyo a ɗaki gara ya ɗauki ƙanwarta mai huɗu, TRBX304, canjin ya zuba a amfilifaya. Mai shida, wadda aka ƙara wa C a sama, na bar wa 'yan situdiyo.

In ta hannu za ka saya, kar ka yarda a gwada maka ita a ƙaramar lasifika. Ka sa a jona babba, ka kaɗa B a sake, sannan ka bi ta gaɓa-gaɓa har ta biyar kana sauraron ko tana karkarwa a kan ƙarfe.