Hattara da masu tallan ƙaramar firintar hoto a Facebook da TikTok

Jama'a, ga wata damfara da ke yawo, tana kama masu son wanke hotunan suna da na biki a gida, da matasan da ke neman fara sana'ar hoton fasfo. Bidiyon tallan yana da ɗaukar ido: 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, an haɗa ta da waya ta Bluetooth, sai ga hoto mai kala yana fitowa fes. An rubuta wai ba ta shan tawada, wai saura kaɗan ta ƙare, a hanzarta. Ka tura kuɗin kaya da kuɗin mota. In ba a toshe lambarka ba, kwali zai iso, amma abin da ke ciki ƙanwar injin POS ce da aka yi wa fenti mai ruwan hoda.

Irin wannan da zafi take rubutu a kan takardar rasit, baƙi da fari kawai, fuska ta fito ɗige-ɗige. Duk wanda ya taɓa ajiye rasit ɗin cire kuɗi a aljihu ya san yadda yake kodewa, in kuma ya sha rana a cikin mota sai ya yi baƙi ƙirin. Ga gwaji mai sauƙi: ka karci takardar da farce da ɗan sauri. Idan layi baƙi ya fito, ta rasit ce. Na'urar ba laifi gare ta ba, yara na wasa da ita, ana buga lakabin kaya da ita. Laifin na wanda ya ɗauko bidiyon wata ya sayar maka da wata ne.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga, akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Da gaske akwai masu fitar da kala ba tawada, irin su HP Sprocket da Canon Zoemini, sai dai da takarda ta musamman suke aiki mai suna ZINK, wadda kalar ke cikin jikinta, kuma hoton ɗan ƙarami ne, inci 2 da 3. Instax Link ta Fujifilm kuwa fim take ci, guda 10 a kowane ƙunshi. Mai son hoto sosai na sakawa a album, girman inci 4 da 6, Canon Selphy ce aka fi sani, kamar CP1300 da CP1500. Ita takardar tana shiga tana fita har sau huɗu: rawaya, sannan ja, sannan shuɗi, sai wani rufi na ƙarshe mai kare hoton. To duk bidiyon da aka ce Selphy ce, hoto kuma ya zubo a tashi ɗaya, ka yi gaba abinka.

Akwai kuma 'yan "ta hannu ce amma kamar sabuwa, ga takarda kyauta". Takardar Selphy da kaset ɗin kalarta a ƙidaye suke zuwa tare. Kwalin KP-108IN takarda 108 ne da kaset 3, kowanne na hoto 36. Wanda ya cika maka hannu da takarda ba kaset, bai ba ka komai ba. Ni a ganina ma, kafin ka tambayi kuɗin na'ura, fara tambayar kuɗin takardarta da inda ake samunta a garinku, don nan ne aljihu ke jin jiki.

Kafin ka tura ko sisi, ka aika wa mai kayan wani hoto naka, ka ce ya buga shi a gabanka ta kiran bidiyo, ya juya na'urar ka ga lambar samfurin. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ɗan damfara nan take zai ce netwok, ko kayan na sito, ko yaronsa ya fita da makulli. Ka duba kuma ko sunan asusun ya dace da na shagon. Mutanen Kano gara su leƙa Farm Centre, na Legas Computer Village, a gwada a gaban idonsu.

In kuɗi sun riga sun fita, ka kira bankinka a ranar, kada ka bari sai gobe. Ka ɗauki hoton tallan da hirarku da shaidar tura kuɗi tun kafin su goge shafin, ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC, sannan ka sa lambar asusun a cikin takardar ƙarar da za ka kai wa 'yan sanda.