Garejin da ya tada Fijo 504 ɗin mahaifinmu a Bauchi

Tun ranar da na sa hoton motar nan mutane ke ta tambayata wa ya yi mini aikin, to bari in faɗi yadda na ga garejin, da daɗinsa da rashin daɗinsa, saboda duk mai tsohuwar mota a gida ya san abin da zai tarar. Ba zan kama suna ba don ban nemi izinin mai wurin ba, amma garejin yana wajen hanyar Jos ne, dattijo ne makanike da ƙaninsa mai rewaya suke aiki a rumfa ɗaya.

Motar Fijo 504 ce salun, haɗin Kaduna, ta marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa. Ta fi shekara goma a ajiye ƙarƙashin dalbejiya a gidanmu, tayoyi sun zauna, ɓeraye sun yi gida a cikin dashbod. 'Yan'uwa suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta, ni kuma zuciyata ta ƙi, domin a cikinta aka riƙa kai mu makaranta, a cikinta muke zuwa Dass gaida kaka duk sallah. Kuma 504 ba motar da za a yanka a auna a kilo ba ce. A Faransa aka fito da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975, a shekarar ne kuma kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna, shi ya sa duk wanda ya girma a Arewa ya santa ko a tasha ko a gidan ma'aikacin gwamnati.

Kafin in kai ta wurin dattijon sai da ta zaga gareji biyu. Matsalar ita ce za ta tashi lafiya da safe, ta yi silo mai kyau, amma da zarar inji ya yi zafi kamar minti ashirin sai ta fara shaƙewa tana tari ta mutu, kuma ba za ta sake tashi ba sai ta huce. Na farko ya ce kafireta ce, aka wanke, aka sake wankewa, aka sa na sayi wata. Na biyu ya ce famfon mai ne, shi ma na saya. Ba abin da ya canza, kuɗi kawai ke tafiya.

Dattijon nan da muka jawo masa ita bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da ni a benci ya yi mini tambayoyi kamar likita, yaushe take mutuwa, a hawa ko a gangara, in ta mutu kik na juyawa ko shiru, akwai warin fetur ko babu. Sannan ya ce a tada ta a bar ta tana aiki, ya ja kujera ya zauna gefen bonet yana shan shayinsa har ta mutu da kanta a gabansa. Nan take ya zare babbar wayar kwayil daga dilko, wato abin da ke raba wa filogi wuta, ya riƙe ta kusa da ƙarfen inji ya ce yaro ya yi kik. Wuta ta fito 'yar ƙarama ja-ja kamar ta ashana mai laima. Ya kalle ni ya ce "Alhaji, wutar kirki shuɗiya ce kuma tana ƙara tas tas, wannan ba za ta ƙona fetur ba, motarka ba yunwa take ji ba." Ya ɗora tafin hannunsa a kan kwayil ya janye da sauri don zafi. Ya buɗe dilko ya nuna mini bakin kwantak duk ya ci ya yi rami, ya ce kondansa ce ta gaji, in ta yi zafi sai ta daina aikinta kwantak ya riƙa ƙonewa, shi kuma kwayil ɗin da aka sa mata ba nata ba ne. Aka canza kwantak da kondansa da kwayil, ya saita tazarar kwantak da filagejinsa na auna tazara a milimita 0.4, ya bi wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya 1-3-4-2, ya gyara taimin. Wallahi ranar motar ta yi awa guda tana silo ba ta ko yi tari ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsohuwar kafiretar Baba lafiyarta ƙalau, ita ya ce in dawo da ita aka mayar.

Ɓangaren rewaya kuwa nan ne aikin ya yi tsawo. Ƙanin ya cire dashbod gaba ɗaya, abin da muka gani ya ba ni tsoro, wayoyi ɓeraye sun gwaigwaye, wasu an haɗa su da leda, a gidan fiyus kuma wani ya naɗa zaren waya a madadin fiyus har wuri biyu, ya ce da haka motoci ke kamawa da wuta ana cewa tsautsayi. Akwai wani abu da motar ke yi, in ka taka birki sai fitilar sigina ta kama tare da shi dishi-dishi, in ka kunna manyan fitilu allurar zafi ta haura. Ni na ɗauka sai an zare wayoyin mota duka an sa sababbi, shi kuma da ɗan kwan fitilarsa mai waya da mita ya bi layi layi ya ce aras ne ya lalace, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Wayar da ta haɗa inji da bodi ta yi tsatsa ta kusa tsinkewa, ta fitilun baya ma haka, wuta ta rasa hanyar komawa sai ta bi duk inda ta samu. Ya kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya sa sabuwar waya mai kauri, ya shafa giris. Ya kuma nuna mini a mita batir na volt 12.6 a kashe, in an tada inji ya hau wajen 14, ya ce in riƙe wannan a kaina, duk ranar da na ga bai hau ba to caji ne ba batir ba, kar wani ya sa ni sayen batir a banza.

Sai zafi. Mun fita gwaji muka nufi Nabordo, ruwa ya fara tafasa. Lagireto ta toshe da laka da tsatsa, gasket ma ya fara ba da iska cikin ruwa. A nan na ƙara ganin amfanin wanda ya tsufa a kan Fijo, domin da aka ɗaga kan inji wani yaro ya kai hannu zai juya inji dattijon ya daka masa tsawa, ya ce silif ɗin 504, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, a cikin ruwa yake zaune, ana zare shi, in ka juya inji ba ka danne shi ba zai ɗaga, abin da ke toshe ƙasansa ya saki, gobe ka ga ruwa a cikin baƙin mai. Sai da ya danne su da wasu ƙarafa da noti kafin a ci gaba.

Yanzu abin da bai yi mini daɗi ba, kuma na faɗa masa a gabansa. Wurin ba sauri. An ce mini sati uku, motar ta kusa wata uku, wani lokaci jiran kaya ne daga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, wannan ba laifinsu ba ne, amma wani lokacin in na je sai in tarar an ture tawa gefe ana yin motocin haya masu biya nan take. Ba sa rubuta komai, ba rasit, ba lissafi, sai da na sayi littafi da kaina na riƙa rubuta abin da na bayar da abin da aka sayo. Yaran kuma ba sa kula da cikin mota, kujerar direba da Baba ya lallaɓa shekara da shekaru na same ta da shatin baƙin mai, abin ya taɓa ni sosai. In za ka kai taka ka rufe kujeru da tsohon zani, ka kwashe duk wani ƙaramin abu na ado ka ajiye a gida, don irin su ba a samu yanzu. Fenti da gyaran bodi ma ba sa yi, sai ka nemi wani.

Amma kowane abu da suka cire sun zuba mini a kwali sun ba ni, kuma ba su taɓa cewa in sayi abu ba tare da sun nuna mini inda tsohon ya mutu ba. Mai sabuwar mota ta kwamfuta ba wurinsa ba ne, su da kansu za su ce maka ka tafi wurin masu na'ura. Mai 504 ko 404 ko tsohuwar Beetle kuwa ni dai can zan tura shi, in yana da haƙuri.

Juma'ar da ta wuce na ɗauki Hajiya muka je Dass muka dawo, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Birki ne ya rage, yana ɗan ja hagu in na taka da ƙarfi, ranar Litinin zan mayar musu su duba.