Faiba ko rautar 5G: ni dai na gwada su duka

Malam, ka ce kamfanin sadarwa ya ƙi adireshinka alhali maƙwabcinka yana amfani da rautarsu ta 5G (na'urar da ke kamo sabis daga turke ta raba intanet a gida), kana shawarar ko ka jira su ko ka ja faiba, wato wayar intanet da ake jawowa har cikin gida. Ja faiba kawai.

Ƙin da suka yi maka yana da dalili. Turken sabis yawanci kashi 3 ake raba shi, kowane kashi yana fuskantar nasa ɓangaren, kuma duk wanda ke wurin, mai waya da mai rauta, rijiya ɗaya suke ɗiba. Gida guda mai talabijin da kwamfuta yana shan datar da ta ninka ta wayoyi da yawa, shi ya sa suke ƙayyade gidajen da za su ɗauka. Maƙwabcinka ya riga ka, gurbi ya cika.

Ni an karɓi nawa adireshin, da ma ba a karɓa ba. Da safe abin kamar iska. Daga ƙarfe 8 zuwa 11 na dare kuwa, bidiyo sai ya yi ta juyi, ga sandunan sabis a cike. Na daɗe ina yawo da rauta daga taga zuwa taga kafin na gane cewa sandunan ƙarfin sigina suke nunawa, ba sa faɗin yawan waɗanda kuke rububi da su. Wasu kamfanonin ma masu waya suke fifitawa a kan masu rauta idan cunkoso ya yi yawa. T-Mobile ta Amurka ta rubuta hakan ƙarara a sharuɗɗanta. Amfanin rauta ɗaya na sani: ka jona wuta ta kama, babu haƙa babu jan waya.

Daren farko da aka ja mini faiba, 'yata tana darasi ta bidiyo, ƙannenta suna kallo, ni ina tura manyan fayiloli na aiki, har aka kwanta ba wanda ya ƙwala mini kira. Faibar ma fa rabawa ake yi: a tsarin faibar gidaje da ake kira GPON, gudun kusan gigabit 2.5 a daƙiƙa ne ake raba wa gidaje 32 ko 64. Sai dai adadin a ƙayyade yake, baƙon da ya shigo unguwa da wayarsa ba ya rage maka komai.

Ka yi hattara da masu cewa za su kawo maka rauta "ko'ina tana yi". Sau da yawa da adireshin wani aka yi mata rajista, ko layin waya suka cusa a ciki suka ce datar ba ta ƙarewa. Ranar da kamfani ya gano ya rufe, lambar mai sayarwa ba za ta shiga ba.

In faiba ba ta iso layinku ba, ka shiga gidan maƙwabcin nan da ƙarfe 9 na dare, ka auna gudun tasa kwana 3 a jere kafin ka ba kowa kuɗinka.