Raba keji ko musanya ƙwai?

Idan kanari ya yi barbara da wani jinsin tsuntsu, irin goldfinch na Turai, 'ya'yan da suka fito yawanci ba sa haihuwa. Mai son kauce wa haka, hanya biyu ce a gabansa.

Raba maza da mata ya fi tabbas, sai dai yana cin keji biyu, kuma gane namiji da wuya kafin ya fara kuka.

Musanya ƙwai da na roba kuwa yana barin tsuntsayen tare, amma akwai aiki. Ƙwan kanari kan ƙyanƙyashe cikin kwana 13 zuwa 14, dole a riƙa duba sheƙa kullum. Kada a kwashe a bar ta wayam, domin macen za ta yi ta sakin wasu har kalsiyam ɗin jikinta, sinadarin da ke yin ɓawon ƙwai, ya ƙare. Saboda lafiyarta na fi son a raba kejin.